A Gashe?

Ɗantani taubashina ne, ɗan goggona Kulu. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka yarona ne tun kafin a haife ni, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Sunansa na yanka Ubaidullahi, amma in ka shigo Umdurman kana cigiyar Ubaidullahi, sai takalminka ya tsinke ba ka same shi ba. Ka ce Ɗantani mai agashe, ko jakin mai ruwa zai nuna maka wurin da kunne.

Dogo ne siriri, ka ce ɗaya daga cikin tsinkayensa ne ya sami jallabiya ya saka. Kunnuwansa kuwa, in guguwar habub ta taso sai mun sa mutum ya riƙe masa ƙafa. Ba ya son magana. Rabonsa na surutu ni aka haɗa wa da nawa. Ni ne Hamuda, direban raksha, mai ƙafa ukun nan, a zamanin da nake da ita. Na yi makaranta har zuwa ajin da malamai suka haɗu suka roƙi babana ya bar ni in huta, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya je ya tambaye su.

Abin da Larabawa ke kira agashe, tsire ne. Kakanmu Malam Abubakar Sadiq ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a Umdurman. Ya tara ƙasa ya yi tukuba a gefen kasuwa, ya hura wuta a tsakiya, ya kafa tsinkayen nama kewaye da ita. Larabcinsa na allo ne, ba ya sayen ko albasa a kasuwa. Duk wanda ya tsaya, sai ya ɗaga tsinke ya tambaye shi da Hausa, "A gashe?" Su kuma suka ɗauka sunan naman ke nan. Na san kowane gidan Hausawa daga nan har Gadarif yana cewa kakansa ne ya fara. Ƙarya suke yi, namu ne. Makka kuwa bai ƙarasa ba. Yana nan kwance a maƙabarta, fuskarsa na kallon inda ya nufa.

Babana ya guji hayaƙi ya koyi ɗinki. Sana'ar ta bi ta hannun Goggo Kulu ta faɗa kan Ɗantani, tare da dokoki biyu na tsohon. Ta farko, ba a matsar da tsinke kusa da wuta sai an tambayi mai saye ya amsa da bakinsa. Ko mai zuwa kullum ne, ko ya riga ya miƙo kuɗi, sai Ɗantani ya dube shi ya ce, "A gashe?" shi kuma ya ce, "Agashe." Larabawa gaisuwa suka ɗauke ta. Ta biyu, yaji ba ya kwana. Wanda aka daka da safe a ranar zai ƙare.

Dakan na Goggo ne. Ana sallame asuba za ka ji turminta, har mutanen layinmu ba su taɓa sayen agogo ba. Ƙuli-ƙuli, citta, masoro, kanumfari, barkono, gishiri, da wani abu da take kuncewa daga bakin zanenta, wanda ta ce za ta gaya wa Ɗantani ko mene ne ranar da ya yi hankali. Ta cika wani tsohon koren kwano mai murfi, duk fentinsa ya ɓaɓɓalle, ya sa a hammata ya fita.

Idanunta sun tafi bayan rasuwar mijinta, a hankali, kamar fitilar da mai ke ƙare mata. Tun daga nan, in Ɗantani ya dawo ba ta tambayarsa ciniki. Hannu take miƙawa, ya ɗora mata kwanon, ta buɗe, ta zagaya cikinsa da yatsa. In ta ji wayam sai ta ce, "To, gobe akwai aiki." Ta lashe yatsan.

Wata shekara zazzaɓi ya kayar da shi, bai fita ba na 'yan kwanaki. Goggo, wadda lafiyarta ƙalau, ta juya fuska bango. Ba ci, ba hira, ko na zo da tsiyata ba ta tanka mini. Ranar da ya miƙe ya ce, "Inna, yau zan fita," ta riga shi zuwa tsakar gida. Matarsa Fadila ce ta faɗi abin da duk muka gani, ta ce tsohuwar nan turmin ne ke riƙe da ita. Daga ranar Ɗantani ya san aikinsa a duniya. Nama dai dalili ne. Aikin shi ne kwanon nan ya koma gida babu komai a ciki.

Sai ƙasa ta fara lalacewa. Layin burodi ya taso daga Umdurman, ya tsallake gada ya gaida Khartoum ya dawo. Layin mai kuwa, na taɓa shiga da raksha ina saurayi na fito da furfura. Kuɗin da ya sayi rago da safe, da yamma ba ya sayen igiyar. Nama ya zama abin da ake zuwa kallo wurin mahauta. Masu sayen tsinke biyar suka koma ɗaya, masu ɗaya suka koma tsayawa ta inda hayaƙi ke bi, da burodinsu a hannu, suna ci suna shaƙa.

Yaji ya fara ragowa. Ɗantani ya taɓa ce mata ta rage daka, ta ce, "Da kwanon nan kakanka ya auna. Ka gaji ne?" Bai sake ba.

Wata rana na same shi ya kashe wuta yana zaune yana kallon cikin kwanon.

Na ce, "Yarona, ga Nilu nan. Hau in kai ka bakin kogi ka juye, kifaye su ma su san ana duniya."

"Ba na zubar da dakan Inna."

"To kai mata da saura."

"A'a."

"To juye a leda ka ɓoye. Wa zai gaya mata?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ba ta gani, Hamuda. Abin da yatsanta ya gaya mata shi ne gaskiyarta. Ba zan sa yatsan ya yi mata ƙarya ba."

"To ya za a yi, malam?"

Sai ya miƙo mini cokali.

A wurinsa, in dai yajin ya shiga bakin ɗan Adam, to ya yi aikinsa. Ni kuma ashe ina cikin 'yan Adam. Na sha yaji a shekarun nan har sauro ya daina cizona. Wanda ya kuskura ya cije ni, da idona na gan shi yana neman randa.

Amma cikina ba zai riƙe sana'a ba, don haka ya shiga neman abin da zai ɗora wa yajin. Daga naman sa ya sauko kaza. Kaza ta tashi sama, ya koma kifi. Daga kifi sai huhu da tumbi. Ana cikin haka ma'aikatan hukuma suka zo kamen masu talla, abin da muke kira kasha, suka rushe tukubar da ƙafa, suka kwashe tsinkayen da naman, wai za su bincika. Ina jin har yau binciken suke yi. Kwanon ya tsira ne don ya cusa shi cikin jallabiya ya tsaya kamar mai ciki. Washegari ya ɗebi ƙasa a buhu na kai shi Kasuwar Libiya, ya gina wata tukubar a bayan masu sayar da barguna. Aka kore shi, wai hayaƙi na shiga haja. Ya bi mota ya gwada kasuwar Suk al-Arabi ta Khartoum, inda mutane ke rububin shiga bas, ya tarar ba mai sukunin tsayawa. Ya dawo gefen Kasuwar Umdurman, inda tsohon ya fara, ya sake tara ƙasa. Ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Ni nake yi masa, kyauta.

Ranar da tumbi ma ya gagara, ya sayo baƙin yalon nan da ake kira aswad, ya yanka shi fale-fale, ya shafa mai, ya tsire, ya barbaɗe da yaji. Na farkon tsayawa Wa'il ne, maƙwabcinsu Balarabe, mai kiwon tantabaru a saman ɗakinsa.

Ɗantani ya ɗaga tsinke, ko murmushi babu. "A gashe?"

Wa'il ya sunkuyo ya duba, ya cire tabarau ya sake dubawa. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wannan wace dabba ce?"

Na ce, "Ragon lambu ne. Ba ya kuka in ana yanka shi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kalli Ɗantani, ya ce, "Agashe."

A lokacin mun ɗauka mun taɓo ƙasa.

Wata Asabar cikin azumi, da hantsi, muka ji ƙarar da ba mu taɓa ji ba daga wajen Khartoum. Ashe yaƙi ne. Muka ce kafin salla an gama. Salla ta zo ta wuce a ƙarƙashin gado. Aka fasa kasuwa, aka ƙone abin da ba a iya ɗauka ba. Wasu masu bindiga suka tare ni suka ce in ara musu raksha. Mutanen kirki, har yanzu ba su gama da ita ba.

Unguwa ta fara zubewa. Wa'il ya nufi Masar da iyalinsa, ya bar wa Ɗantani mabuɗi, ya ce abin da ke gidan halal ne gare mu, tantabarun dai a riƙa zuba musu ruwa. Fadila ta ɗaure kaya za ta bi 'yan uwanta Gadarif da yara. Ta durƙusa gaban Goggo tana kuka tana roƙo.

Goggo ta ce, "Ubana ya yi tafiyar da ta ishe mu duka. Ku je, Allah ya tsare. Ni da turmina muna nan."

Ɗantani ya raka su tasha ya dawo. Ni ma na zauna. Na gaya wa mutane cewa ubangida ba ya gudu ya bar yaronsa. Gaskiyar ita ce ba mata, ba raksha, ba wanda ke jirana a ko'ina.

Ita kuwa ba ta fasa ba. In bindiga ta ce dum, taɓaryarta ta ce dum. Na ce, "Goggo, ki bari su wuce mana." Ta ce, "Su daka nasu in daka nawa."

Ba kasuwa, ba nama, ba aswad. Amma samarin unguwa sun kafa manyan tukwane a harabar masallaci, takiyya ke nan, inda ake dafa wa kowa kyauta. Kullum adas, jan waken nan ƙanana da ke narkewa ya zama ruwa-ruwa, ba mai, ba albasa. Ɗantani ya wanke jallabiyarsa, ya ɗauki kwanon, ya je ya tsaya a ƙarshen layi, inda mutum ke juyowa da rabonsa a roba. Ya ɗebi yaji da 'yan yatsu uku ya riƙe a sama.

"A gashe?"

Matar farko ta tsaya tana kallonsa kamar ya taɓu. Ta bayanta, wata tsohuwa Ni'mat da ta san shi tun a kasuwa, ta miƙo robarta ta ce, "Agashe, ɗana." Ya barbaɗa. Ta kai hanci ta lumshe ido, ta daɗe a haka, har na baya suka fara ƙorafi. Da ta buɗe ta ce, "Wallahi na ji nama."

Daga ranar layi ya zama biyu, na adas da na Ɗantani. Manyan mutane, masu shaguna a da, malaman makaranta, kowa da robarsa, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, su amsa. Ba ya karɓar komai. Ni ne mai tsawatarwa, ina cewa kowa ya faɗi wanda yake so, cinya ko haƙarƙari. Wani ya ce a ba shi mai kitse. Ranar ce na fara jin dariya a unguwar tun da aka fara. Kafin azahar kwano ya yi fes.

Kayan haɗin ne suka riƙa ƙarewa. Ya sayar da wuƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya ya sayi gyaɗa wurin masu shigowa da ita a ɓoye. Kanumfari ya tafi, masoro ya bi shi. Da gyaɗa ta ɓace, sai ya soya dawa a kasko har ta yi ja, ya zuba mata a turmi bai ce komai ba. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna.

"Ɗantani, wannan ƙulin a wace gona aka haife shi?"

"Dawa ce, Inna."

"Na sani. So nake in ji ko za ka faɗa." Ta gyara zama. "Miƙo taɓarya."

Tana ramewa muna gani. Rabonta na adas sai ta ci kaɗan ta ce ta ƙoshi, ta tura mana. Sautin turmin ya ragu har na maƙwabta ba sa ji, in da akwai maƙwabtan. Amma kullum yatsan nan zai zagaya kwano, kullum gobe akwai aiki.

Sai ranar da adas bai iso ba. An tare hanya, kuma da sassafe wani abu ya faɗo kusa da masallacin ya zubar da katanga. Muka je muka tarar da tukwane a kife, ba kowa. Ɗantani na tsaye da kwano cike.

Na ce ya kawo cokali. Na kai ɗaya baki, cikina da ya kwana ya yini ba komai ya murɗa, na durƙusa na dawo da shi har da abin da ban ci ba. Shi ma ya gwada, haka.

Ya ce, "Tashi mu bi gida-gida."

Muka bi. Layin da na sani tun ina yawo ba wando, ƙofofi a wangale, wasu a ƙasa. Ya tsaya a kowace ƙofa ya yi sallama, ya ce, "A gashe?" Muryarsa ta shiga ta zaga ɗakuna ta dawo mana. A wani gidan kyanwa ce ta leƙo. A wani, takalman yara ne jere a bakin ƙofa, ƙura ta rufe su. Inda muka sami mutane, wasu suka karɓa a tafin hannu suka lasa suka bi da ruwa. Wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce, "A kan me, Ɗantani?" Muka wuce gaba.

Wajen la'asar harbi ya matso har muna jin iskarsa. Muka raɓe a jikin wata katanga. Kwano ya yi rabi, ya tsaya. A gabanmu ga ramin da abin nan ya haƙa.

Na ce, "Ɗantani." Ina jin ranar ce na fara kiran sunansa ba da tsokana ba. "Don Allah, don Annabi. Ga rami. Ni ban gani ba, kai ba ka gani ba."

Ya daɗe yana kallon ramin. Har ya buɗe murfin. Sai ya mayar.

Ya ce, "In na yi yau, gobe ma zan yi. Ta koma tana yi wa rami daka."

Muka shiga gida. Tana zaune a kan tabarma, ta ji tafiyarmu ta miƙo hannu. Ya durƙusa ya ɗora mata. Yatsan ya shiga, ya nutse, ya tsaya.

Ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, "To." Ta goge yatsan a zane. "Gobe ba aiki ke nan."

"Inna, hanya aka tare. In an buɗe..."

"Ka sha ruwa, ka gaji."

Da asuba ban ji komai ba. Ban san shiru na da nauyi ba sai ranar. Ta juya fuska bango kamar wancan karon, sai dai wancan karon akwai tsoka a jikinta. Takiyya ba ta dawo ba. Ɗan garin dawar da ya rage muka dama mata, ta rufe baki. Na zauna a bakin ƙofa na yi mata duk ƙaryar da na iya, na ce na ga raksha ta tana tafiya ita kaɗai tana nemana, na ce kunnuwan Ɗantani sun kama tashar Makka. Ko motsi.

Tantabarun Wa'il sun watse jim kaɗan bayan tafiyarsa, ko gashin ɗaya ba mu sake gani ba. Amma Ɗantani bai daina hawa saman ɗakin yana zuba ruwa a kaskonsu ba, ruwan da muke ɗebowa daga nesa muna sanɗa. Na zage shi a kan haka har na gaji. Ya ce an ce ya zuba, ba a ce sai suna nan ba.

Wata safiya ya sauko da sauri ya kama hannuna, ya nuna sama da leɓe. Na hau. Ga ta nan a bakin kasko tana sha. In ka ji ni a wani wuri ina cewa ta kai talotalo, kuma na yi kokawa da ita har muka faɗo tare, ka bar ni, da mutanen waje nake. 'Yar tantabara ce ramammiya mai ɗingishi, ba ta cika tafin hannu ba. Na jefa mata rigata, ko gudu ba ta yi ba.

Ɗantani ya yi bisimilla ya yanka da wuƙar da ta rage masa. Ya tara ƙasa a tsakar gida ya yi 'yar tukuba kamar ta wasan yara, ya ɓalle katakon akurkin tantabarun ya hura wuta. Ya fere tsinke daga zarɓar dabino. Duk naman a tsinke ɗaya ya tsaya, har da sauran wuri. Ya kafa shi nesa da wutar, ya je bakin ƙofarta ya tsuguna.

"Inna, na samo nama."

Ya ƙara matsawa kusa.

"Yana tsinke. Ba ni da yaji."

Can muka ji muryarta kamar zare. "Akwai saura a kwano."

"Ya kwana, Inna."

Wutar na ta ƙara, mu muna jira. Na ɗauka ta koma barci. Sai ta ce, "Ɗan nema. Ɗaga ni."

Muka ɗauko ta. Na sha ɗaukar buhun gawayin da ya fi ta nauyi. Muka zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, ya juye tsohon yajin a wata roba, ya wanke kwanon. Abin da ke gidan ya zuba a turmi, ɗan tafin soyayyiyar dawa, barkono busasshe, gishiri. Ta laluba bakin zanenta ta kunce ƙullin nan, ta juya mana baya, ta jefa wani abu.

Na ce, "Haba Goggo, har yanzu ba za ki gaya masa ba?"

Ta ce, "Bai yi hankali ba. Mai hankali da ya bi matarsa Gadarif ya bar ni."

Ta kama taɓarya, ta kasa ɗagawa. Ɗantani ya zagaya bayanta ya sa hannuwansa a ƙarƙashin nata. Shi ke ɗagawa, ita ke saki. Tana yi tana masa faɗa, wai yana daka kamar mai jin tsoron turmi. Yajin bai rufe gindin kwano ba. Ya shafe naman da shi tas, ya tsuguna gabanta ya ɗaga tsinken, ko da yake ba ta gani.

"A gashe?"

Ta ce, "A gashe."

Shekara da shekaru ina jin Larabawa na amsa masa, amma ranar na ji yadda tsohon ya so a amsa. Ya matsar da tsinken. Hayaƙin ya tashi, ta bi shi da fuska. Ta karɓi tsoka ɗaya ta tsotsa ta daɗe, sauran ta ce mu raba, kuma a ba ubangida babba kada ya kai ƙara. Sannan ta miƙo hannu. Ya ɗora mata kwanon. Yatsan ya zagaya.

"To," in ji ta. "Gobe akwai aiki."

Allah da ikonsa, aka buɗe hanya, adas ya dawo, aka tayar da tukwane. Ta sake yin wasu safiyoyi a bakin turmi, hannunsa a ƙarƙashin nata, ta koma karɓar kunu, har ta koma zagina. Ba su yi yawa ba, amma ta yi su, kuma a zaune ta yi su. Wata safiya suka gama, ta shafa saman yajin ta daidaita shi, ta rufe kwanon, ta jingina kanta da taɓarya. Ɗantani ya ce, "Inna, na tafi." Ba ta ce a dawo lafiya ba.

Maƙabartar da ubanta yake ba ta shiguwa. A filin ƙwallon unguwa muka sa ta, kusa da waɗanda suka riga ta a watannin nan. Ni'mat da ta yi mata wanka ta ce ta kunce ƙullin bakin zanen, ba komai a ciki sai ƙamshi.

Muna dawowa daga filin, ko hannu bai wanke ba, ya ɗauki kwanon. Na ce, "Yau ma?" Ya ce, "Ta daka." Ya je ya tsaya a ƙarshen layi, ƙasar kabari a gwiwar jallabiyarsa. Ranar ba wanda ya nemi mai kitse. Suna amsawa a hankali suna wucewa.

Da muka koma gida ya shiga tsakar gida ya nufi tabarmar, ya durƙusa, ya miƙa kwanon. Sai a nan ya tuna. Ya tsaya a haka, dogon mutum a durƙushe, hannu a miƙe, ba mai karɓa.

Ban san lokacin da na zauna a kan tabarmar ba. Na karɓa, na buɗe, na zagaya cikinsa da yatsa. Wayam.

Na ce, "To, yarona. Gobe akwai aiki."

Da asuba na ji turmi.

Yanzu an fara share kasuwa, wasu sun dawo, wasu ba za su dawo ba. Fadila na can tukuna, ta ce sai ruwa ya dawo famfo. Ɗantani ya sake tara ƙasa a gefen Kasuwar Umdurman, tsakanin ƙonannun rumfuna. Wata rana huhu, wata rana aswad, ran da aka yi sa'a kaza. Shi yake daka da kansa. Yajin nasa akwai abin da babu a ciki, kowa ya sani, ba mai faɗa sai ni, don ni haƙƙina ne. In na faɗa sai ya ce, "Ban yi hankali ba tukuna."

In ya tashi, gidan yake zuwa ya same ni a kan tabarma. Jiya na ji ɗan saura a gefe, na ce masa wannan fa? Ya sa hannu a aljihu ya fito da cokali.